Kakar Gado Na Uku

Shekara talatin ta yi tana wankin zannuwan gado a asibiti, ba ta taɓa kwanciya a kan ko ɗaya ba. Sai da ta ajiye aiki, maigidanta ya rasu, Allah ya jiƙansa, sannan makarantar koyon jinya da ke jikin asibitin ta neme ta, wai ta zo ta riƙa kwanciya.

Aikin ke nan. Talata da Alhamis takan je ɗakin gwaji, ta cire takalmi, ta hau gado na uku. Malama ta karanta mata ciwon da za ta yi ran nan, ɗalibai su koyi kula da tsofaffi a jikinta. Kaka suke ce mata. Cikin shekara huɗu ɓarin jikinta ya shanye sau goma sha ɗaya, ƙugunta ya karye sau shida. Ƙarfe ɗaya na yi sai ta warke, ta sa takalmi, ta tafi gida.

A gado na biyu akwai wani tsoho na roba, mai numfashi da lantarki. Takan gaishe shi, don maƙwabci ne.

Abu ɗaya ne ba ya cikin takardar da Malama ke karantawa, amma ba ta fashinsa. Duk wanda ya taɓa ta sai ta ce, "Wannan hannu daga firij aka ciro shi? Murza shi tukuna." Wadda ta fi shan faɗan nan wata doguwar ɗaliba ce da ake kira Sauri, kullum hannunta a jiƙe daga famfo.

Wata Alhamis takarda ta ce: tsohuwa mai ciwon ƙirji da haki. Kaka kuwa tun a mota take jin kamar an jibga mata jiƙaƙƙen bargo a ƙirji. Ta ce a ranta in an tashi ta faɗa. Tana kwanciya nauyin ya ƙaru.

"Malama, yau da gaske nake."

"Madalla, Kaka," in ji Malama, tana rubutu. "Ku lura da muryarta."

Zufa ta keto mata. Wani ɗalibi ya ce, "Wallahi tsohuwar nan har gumi ta iya."

Mutum uku suka zo bi da bi, suka yi mata tambayoyin littafi, suka ba ta magani daga kwalbar da babu komai a ciki, suka samu maki. Kaka ta fara salati ƙasa-ƙasa. Wannan ma an yaba.

Sai layi ya zo kan Sauri. Ta kama wuyan hannun Kaka, ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Shiru. Ta ɗora ɗaya hannun a goshinta. Shiru.

"Malama, ba ta ce komai a kan hannuna ba."

"To ai kin huta."

Sauri ba ta nemi izini ba. Ta saki birkin gadon, ta tura shi waje da Kaka a kai, da gudu har ɗakin gaggawa. Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da sai dai wani zancen.

Bayan kwana uku Sauri ta je dubiya. Ta tsaya a bakin gado tana murza hannuwa. Kaka ta buɗe ido.

"Wa ya sa ki? Bar su da sanyinsu."

Sannan ta shafa zanin da take kwance a kai, ta shinshina.

"Wannan ba a ɗauraye shi da kyau ba."