Katifata a Bayan Jakai

Duk sanda na ji warin man kaɗanya sai raina ya ɗan sosu, don Baba nake tunawa. Allah ya jiƙansa, amma ku bar ni in faɗi gaskiya, mutumin nan ya wahalar da mu a kan jakai.

Gidanmu yana bakin hanyar da masu kaya ke bi daga Sandamu zuwa kasuwar Daura. Da kaka, in an fara jigilar gero, Baba ba ya barin zaure. Da ya hango jaki yana tafiya a karkace sai ya tare mai shi, ya sa a sauke mangala, ya ɗaga akumari, wato shimfiɗar da ake ɗora wa jaki a baya. Ƙarƙashi kuwa gyambo ne, ƙuda na bi. Mutanen lokacin toka suke barbaɗawa su ci gaba da tafiya. Shi sai ya wanke da ruwan bagaruwa, ya shafa man kaɗanya. Man wa? Na Inna mana! Gari ya sa masa Sarkin Jakai, ni kuma in na je rijiya sai a ce ga 'yar sarki ta iso.

Daga baya ya gano akumarin ne ke cin bayansu, don tsumma da ƙaiƙayi ake cusawa su taurare kamar dutse. Sai ya koma farke na mutane yana sake cikawa da abu mai laushi, kyauta. Ba wanda ya tambayi inda yake samowa.

Inna kuwa shekara biyu tana tara audugar rimi a buhu, don katifar da za a kai ni ɗaki da ita. Biki saura kwanaki ta je ɗauko buhu, ta tarar da shi a kwance, ko na matashi babu.

"Malam, ina rimin yarinyar nan?"

"Wani yana hanyar garin Babban Mutum, wani Sandamu," in ji shi, ko a jikinsa. "Ai ita bayanta lafiya lau."

Da tabarma aka kai ni. Dangin miji suna leƙe, wata ta ce ina katifar amarya, wata ta amsa wai ta kai gero kasuwa. Ina cikin lulluɓi ina jin su, kamar in nutse.

Yanzu babura sun karɓe hanyar, jakan ma an kwashe su saboda fatarsu. Rannan jikata ta dawo daga makaranta tana ba ni labari, wai wasu sun zo daga birni da sabon ilmi, tausayin dabbobi. Wai sabo! Na ce, "Ke, koma ki gaya musu, kakarki ta shekara a kan tabarma saboda sabon ilmin nan, kuma har yau ba ta huce ba. In za su yi, su fara da tasu katifar."