Haƙorin da Ya Ƙi Yin Fari

Ƙanwata tana da dariya irin wadda ake ji tun daga zaure. A gidanmu na Ƙofar Rini, in ta fara, Inna kan ce a rufe mata baki kada ƙuda ya faɗa. Tana ƙarama ta faɗi a bakin rijiya, rabin haƙorinta na gaba ya gutsure. Likitan haƙori ya cike gurbin da wani farin abu, ya daidaita launinsa da na sauran, har mu kanmu muka manta akwai ciko a wurin.

Bikin autanmu ne ya tono shi. A gidanmu in mata za su yi abu, to kowa da kowa ne: anko ɗaya, lalle ɗaya, wadda ta noƙe a ce ba ta murna da auren. Wannan karon mai lallen da aka ɗauko daga Gawon Nama ta zo da sabon salo, wai wankin haƙori. Wani ruwa ne mai kauri ta shafa mana, ta cusa mana wata 'yar fitila mai shuɗin haske a baki. Muka jeru a tabarma, baki a wangale kamar busasshen kifi. Inna, wadda a zamaninsu furen taba da goro ake ci haƙora su yi ja a ce an yi kwalliya, ta dube mu ta ce, "Mu dauri ja mu ka biɗa, ku ko hwari. Allah shi kyauta."

Haƙoran kowa suka yi haske. Na ƙanwata ma sun yi, sai dai cikon nan ya tsaya a launinsa na da, ya fito fili kamar ƙwayar masara a cikin shinkafa.

"Ba komi, datti na," in ji mai lalle. "A ƙara mai magani."

Aka ƙara. Bai motsa ba. Daga nan gwaggonni suka karɓi aikin, kowace da nata ilimin: wannan ta ce gawayi, waccan ta ce lemun tsami da kanwa. Ƙanwata ta riƙa dirza safe da yamma, har na ga jini a asuwakinta. Na ce ta bari hakanan.

Ta ce, "Yaya, so kika yi in hito hoto da haure awa na tsohuwar tunkiya?"

A hotunan bikin duka bakinta a rufe yake. Bayan an watse kuma sai ciwo ya zo. Lokacin zafi ne, irin zafin Sakkwato da ba a shawara da shi, amma in ta kurɓi ruwan randa sai ta dafe kunci, hawaye na zuba. Ko iska ta shiga bakinta sai ta runtse ido.

Ni na raka ta wurin likita. Ya duba, ya girgiza kai. Ya ce maganin nan haƙorin da Allah ya halitta kawai yake sa wa haske, ba ya canza launin ciko ko za a shekara ana shafawa. Abin da ya yi wa cikon nata shi ne ya sa shi kaushi, gefensa ya fara sakin haƙorin. Tsami da dirza kuma sun cinye ɓawon da ke rufe haƙoran gaba. Ciko ana iya sake shi, in ji shi, amma ɓawon nan in ya tafi ba ya tsirowa.

An sake cikon. Ciwon ya ragu, bai tafi ba, kuma haƙoran da aka wahala a kansu sun koma rawaya fiye da yadda suke a da. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ban ma san wa zan kama ba, don babu wadda ta nufe ta da sharri. Yanzu in abu ya ba ta dariya, gefen mayafi take ja ta rufe baki.

Kwanan baya ta kawo mini ɗiyarta, yarinyar da ko famfara ba ta fara ba, haƙoranta farare tas. Na yi mata cakulkuli, ta ƙyalƙyale, sai ta yi maza ta sa tafin hannu ta toshe bakinta. Na janye hannun, na ce wa ya koya mata wannan.

Ta mayar da shi, ta ce, "Haka Mama ka yi."