Kujerar da Aka Ba Baba Bulus

Duk hutun damina babanmu yakan sa mu a mota daga Kafanchan zuwa wajen Kaka, a ƙauyenmu da ke gindin dutsen Kagoro. Da an gama cin tuwon acca sai mu cika ɗakin girkinta, hayaƙi yana sa mu hawaye, ita kuma tana juya gwaza a cikin toka. Mu 'ya'yan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yaren gida ya yi mana nauyi a baki, don haka da Hausa take ba mu tatsuniya, irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. Kaka ba ta yarda da kowa ba. Ko gishiri aka kawo mata kyauta, sai ta tambayi dalili.

"Ga shi nan ya iso, ku ba shi wuri," haka take farawa, mu kuma mu gyara zama.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani tsoho mai gadin gonar gari. Tun yana saurayi yake korar birai, har gashinsa ya yi fari ba su taɓa karya masa masara ɗaya ba. Ran nan biran suka sauko da ganguna, suka ce sun zo girmama shi, don ba su taɓa ganin jarumi kamarsa ba. Suka sassaƙa masa kujera mai kyau, suka kafa ta a inuwa, tana kallon hanya, bayanta ga gona. Tsoho ya zauna, masu wucewa suna ta gaishe shi yana jin daɗi. Da ya waiga, kara kawai ya tarar.

"To kujeran yana da kyau fa," in ji Kaka, tana nuna mu da itacen wuta. "Amma wa ya ajiye shi? Ina ne yana kallo?"

Mu dai a lokacin gwazarmu muke jira.

Bara tatsuniyar ta dawo mini. Yayan babana, Baba Bulus, ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin soja, har ƙasashen waje aka kai shi, ya dawo da ɗingishi da muƙamin saje. Bai huta ba. Gari ya damƙa masa kula da idon ruwan da ke gindin dutse, inda kowa yake sha. Masu fasa dutse sun sha zuwa da tifa, yana mayar da su da sandarsa kawai, domin in aka fasa wajen, ruwan ya tafi ke nan.

Kwatsam sai aka ce za a yi masa bikin godiya a coci, a sallame shi ya huta. Ya cancanta, wallahi, har na yi ƙwalla da na ji. Amma da aka gaya mini wanda ya ɗauki nauyin abinci da rumfa, sai jikina ya yi sanyi. Ɗan kwangilar da yake turo tifofin nan ne, wanda a da ko gaisuwa ba ta haɗa shi da Baba Bulus. Ranar bikin ya yi jawabi har muryarsa tana rawa, sannan yaransa suka shigo da kyauta: kujera mai laushi, tana cikin leda. Ya ce da kansa zai sa a kai ta barandar Baba, mai kallon titi.

Na bi Baba bayan coci.

"Baba, ban yarda da kujerar nan ba."

"Rifkatu, kujera ce fa, ba bom ba."

"Kin... ka tuna biran Kaka?" Har bakina ya harɗe.

Ya dube ni, ya yi dariya har da tari. "Ke jika ce. Ni ta fara ba wa labarin nan, tun babanki bai yi wayo ba."

Washegari da safe ya sa aka ɗaura kujerar a bayan babur. Ba baranda ta nufa ba. A bakin idon ruwa ya sa aka sauke ta, ƙarƙashin ɗorawa, fuskarta ga dutse. Da tifa ta iso a makon, direba ya tarar da shi zaune da tsohuwar hularsa ta soja, mata suna ɗiban ruwa kewaye da shi.

"Ka gaishe da oga," ya ce masa. "Ka ce kujera ta yi daidai. Dā a tsaye nake gadin, ƙafa tana damuna."

Na daɗe ina ɗauka Kaka rashin yarda da mutane take koya mana. Yanzu ina ganin ba ta taɓa cewa a ƙi kujerar ba, tambaya biyu kawai ta bar mana. Abin da yake hana ni sukuni shi ne Baba Bulus ya tsufa, kuma mai tifa yana da haƙuri. Shi ya sa duk Asabar nake shiga mota daga Kafanchan da 'ya'yana, mu zauna a gefensa, su saba da kallon wajen da yake kallo.