Firjin da Inna ta bi

Ni ne ɗan fari, don haka a gidana Inna ta zauna bayan rasuwar mahaifinmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son magana da ni sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai gidan nan." Ƙanena kuwa, autanta, har laƙabi take masa, tana tsokanarsa yana dariya. Na san kunya ce irin ta iyaye, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Wata bazara ƙanen nawa ya sayo firji daga Ƙonni, inda yake kai albasa, ya haɗa shi da sola. Randar gidana, wadda Inna ke yabon sanyinta, ta zama abin wanke hannu. Kullum da la'asar matarsa ke aiko mata da fura mai ƙanƙara, ta sha tana sa masa albarka da ƙarfi, ina ji daga zaure.

Da azumi ya matso ya same ni ya ce, "Yaya, bari in maido firjin nan gidanka, da solar duka. Zafi na wahalar da tsohuwa."

Na ce, "Mi ya samu randata?"

"Ba abin da ya same ta, Yaya. Ita ma ta tsufa ne."

Dariya ya yi, ni ban yi ba. Na hango mutanen unguwa suna shigowa gidana da kwanoni neman ƙanƙara, suna fita suna gode masa. Na ce ba ni da wurin ajiye shi. Akwai wuri, kowa ya sani.

Firjin bai zo ba, sai Inna ta tafi. Ta ce za ta yi azumi a can ta dawo. Ba ta dawo ba, ni kuma na rage zuwa gaisuwa, don ban iya ganinta zaune kusa da farin akwatin nan tana hira da autanta. A gidansa ta cika.

Bayan an share makoki sai ga shi da masu tura kura, sun ɗauro firjin a tsaye da igiya, yana bin su yana cewa kada a kwantar da shi, injin zai lalace. Ya ce ya kasa buɗe shi tun ranar rasuwar. Wannan karon na nuna musu wurin ajiye shi.

Ni na wanke shi da kaina. Na bar ƙanƙarar ta narke, na fitar da tire-tiren, na bi robar ƙofar da tsumma da ruwan kanwa. A can ƙasa na tarar da ƙaramin kwanon sha na Inna, furar ciki ta bushe. Na tambayi matar ƙanena ko a mayar musu.

Ta ce, "Naka ne, Yaya. Kullum sai ta sa a raba a ajiye, ta ce ko mai gidan can zai biyo."

Har yau firjin na aiki. Jikokina na shan ruwansa, ni daga randa nake sha. In ƙanena ya zo yana ba da labarin hirarsu da Inna, ina saurara, kuma har yanzu ina jin zafin cewa shi ne ya ji muryarta, ni kwano na samu.