Bakin da na sayar da gilashi da shi

Ni haifaffen Zongon Kumasi ne. Mahaifina fataucin goro yake yi, kuma ya sa ni makarantar allo har na sauke. Da na tasa sai ya kai ni koyon aiki wurin wani dattijo Ba'asante, Papa Kwame, maƙerin zinariya.

A shagonsa na fara ganin daimon. Ya koya mini cewa ɗanyen dutse, yadda masu haƙa ke kawo shi daga Akwatia, bai da ƙyalli, kamar ƙanƙarar gishiri yake. Sai an yanka shi an fitar masa da fuskoki yake walƙiya. Na san yankan fure, da mai siffar kwalekwale, da ɗigon hawaye, da zagayayye wanda ya fi duka tsada. Na san karat, ma'aunin nauyinsa. Na san abin da ake nufi in an ce dutse ruwansa garau ne.

Da ƙurar zinariya na fara sata, wadda ke zuba ƙarƙashin teburi. Ba wanda ya lura. Daga nan na cire dutsen zoben wata mata na sa mata gilashi. Ita ma ba ta lura ba. Sai na bar shago, na shiga yawo da gilasai cikin auduga, daga unguwar Dichemso har Kwadaso. Na gane cewa mutum in ya ji sunayen da bai sani ba, kunya ke hana shi tambaya.

Mma Adiza maƙwabciyarmu ce, mai sayar da koko da ƙosai. Ta daɗe tana tarin guzurin Makka. Aka ba ta shawara ta sayi abu ƙarami mai daraja ta ɗinke a zane, ta sayar a hanya, ya fi ta ɗauki tsabar kuɗi. Ta kira ni.

"Ɗana, kai ka san kayan nan. Zaɓa mini."

Na ce, "Mma, ga ɗigon hawaye, ruwansa garau. Ko'ina kika kai shi rububinsa za a yi."

Ta sa mini albarka, ta ba ni ƙosai a ganye.

A Hartum ta fito da shi, mai shago ya yi mata dariya, ya ce gilashi ne. Ayarinsu ya wuce ya bar ta. Ta zauna can tana wankau har ta sami na komowa, ba ta ga Ka'aba ba. Waɗanda suka dawo daga aikin hajji suka kawo labari, sauran waɗanda na cuta su ma suka fito. Aka ɗaure ni. Ina kurkuku aka yi bikin samun mulkin kai, ina kurkuku mahaifina ya rasu, ban yi masa salla ba.

Da aka sake ni na je gidanta na durƙusa. Ta tsufa, hannuwanta duk sun tsattsage.

Ta ce, "Na yafe maka don Allah. Amma tashi ka tafi, ba na son in ƙara jin muryarka."

Yanzu dako nake yi a kasuwa, kuma na tuba. Samari, in Allah ya ba ku sanin wani abu, wanda bai sani ba amana ne a hannunku. Ranar da tsohuwa ta ce muku "zaɓa mini", ku zaɓa mata kamar uwar da ta haife ku.