Labarin Yayana Da Ya Tsaya A Tsakiyar Hamada

Ko da zan tsufa har in riƙa mance inda na ajiye tsintsiya, akwai wata ranar kaka a gidanmu na Gazawa da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ranar ce wani baƙo ya zo ya ba mu labarin yayana, kuma tun daga ranar ban sake kallon littafin labari da idon da nake kallonsa a da ba.

Yayana shi ya koya mini son karatu. Kabu-kabu yake yi da moto, wato babur, yana kai ƴan kasuwa bakin iyaka yana dawo da su, kuma da wuya ya dawo ba tare da ɗan littafin Hausa a aljihun rigarsa ba, wani bangonsa ya yage, wani da tabon manja. A lakol, makarantar boko, Faransanci aka koya mini. A waɗannan littattafan ne na gane ashe harshen da muke faɗa da shi a tsakar gida ma ana rubuta shi har ya sa mutum hawaye. Shi yake fara karantawa, ya miƙo mini, in na gama sai mu zauna gindin itacen bedin ƙofar gida mu yi ta musu.

Musunmu kullum ɗaya ne, yadda labari ya ƙare. Ni a lokacin budurwa ce mai ji da kanta, ba abin da nake so kamar labarin da zai ƙare da mutuwa ko rabuwa, in rufe shi idona ya kumbura. In aka ƙare da biki da yafiya sai in taɓe baki in ce marubucin ya raina mana wayo, duniya ba haka take ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ke ƙanwata, ni da na wuni rana na dukana a kan hanya, in dawo kuma in sayi baƙin ciki in karanta? Ai wannan duniya na ba da shi kyauta." Ni kuma in ce masa tsoron gaskiya yake yi. Yau in na tuna bakin nan nawa sai in ji tausayin yarinyar da nake a lokacin. Ba ta san komai ba, ko ƙaya ba ta taɓa taka ba, amma tana ba da fatawa a kan ciwo.

Sai aka yi shekarar da damina ta yi gardama, tsutsa ta cinye ɗan hatsin da ya fito, hanyar iyaka kuma ta mutu, ƴan kasuwa suka daina zirga-zirga. Yaya na da mata da jaririya, ga Inna, ga ni, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Ya sayar da moton ya bi samarin da ke tafiya arewa haƙar zinariya. Ya kira mu daga Agadas, muryarsa garau, ya ce gobe za su shiga hamada, in mun ji shiru kada mu damu, can babu waya. Muka ji shirun. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, shirun bai yanke ba.

Ranar da nake faɗi, da hantsi ne, muna zaune tsakar gida muna ɓarar wake, ni da Inna da matar yaya. Sai Kawu, ƙanen Inna, ya yi sallama ya shigo da wani mutum ramamme, leɓɓansa duk tabon tsagewa. Kawu ya ce mutumin daga Gidan Sori yake, a mota ɗaya suka shiga hamada da yaya, kuma ya sha tambaya kafin ya gano gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Ya riƙe kwanon da hannu biyu ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya sha.

Ya ce direbansu ya bar babbar hanya, ya ɓata, daga baya motar ta mutu a wurin da babu itace babu tsuntsu. Yaya, da yake ya san inji, shi ya kwanta ƙarƙashinta yana fama har hannuwansa suka ɗuri ruwa, ba ta tashi ba. Ruwan sha ya fara ƙarewa, ana raba shi da murfin jarka. Da abin ya yi tsanani direban ya ce akwai rijiya gabas da su, mai ƙarfi zai iya kai wa. Yaya na cikin waɗanda suka ce za su je. "Ni zazzaɓi ya kayar da ni," in ji mutumin. "Da zai tahi ya cire rawaninsa ya ɗaura mini a jikin mota don in samu inuwa. Ya ce in yi haƙuri, yanzu za su kawo ruwa."

Wallahi ina saurarensa ne kamar yadda na saba da littafi. Can ƙasan raina ina jiran inda labarin zai juya. Ko dai ya ce sun sami rijiyar, ko ya ce ga inda aka binne shi. Ɗaya daga ciki dole ne, haka na saba.

Ya ce su da suka rage sojoji masu sintiri ne suka tsince su, wasu da rai, wasu babu. Sojojin suka bi sawun waɗanda suka tafi neman ruwa, suka bi, suka bi, har inda iska ta share sawun. Daga nan ya sunkuyar da kai.

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gaban mutane ba ta tambayar lafiyarsa, saboda kara. Ranar ta ajiye kara. Ta matso har gwiwarta na taɓa tabarmar baƙon ta ce, "To ɗana, sai kuma mi ya faru?"

Ya ce, "Inna, iyakar abin da na sani ke nan."

Ta ce, "A'a, ƙarasa mini dai. Ni uwa ce, zan iya ɗauka. In ya mutu ka ce ya mutu."

Mutumin ya fashe da kuka. Ya ce, "Inna, da na ga gawarsa da na faɗa miki, ko don ki huta. Ban gani ba. Ban kuma ga wanda ya gani ba."

Matar yaya ta tashi ta shige ɗaki da ƴarta. Ba wanda ya yi kururuwa, don ba a san ko mutuwa aka yi ba. Maƙwabta suka shigo suka tsaya cirko-cirko, sun rasa gaisuwar da za su yi mana. Wata tsohuwa ta fara cewa Allah ya jiƙansa, Inna ta ɗaga ido ta dube ta, sai ta haɗiye sauran. Waken nan a nan ya wuni, kaji na ci, ba wanda ya kore su.

Kawu ya je wurin jandarma, suka rubuta suka ce a jira. Malamai suka ce a yi ta addu'a. Matar yaya ta zauna shekaru, ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba, har alƙali ya raba auren. Ranar da za ta koma gidansu Inna da kanta ta ɗaure mata kaya, ta ce ba ta yi laifi ba. Amma har Inna ta koma ga Allah, in moto ya tsaya a ƙofar gida sai taɓarya ta tsaya a hannunta, ta kasa kunne.

Na daɗe ban taɓa littafi ba. Sai a ƴan watannin nan, da sana'ata ta ɗinki ta yi mini sauƙi, ƙawayena suka sa ni cikin masu karatu a waya, inda marubuta ke sako labari kaɗan-kaɗan. Na karanta wasu, na ji daɗinsu, har da wani na wata mata mai sayar da fura da ya ba ni dariya sosai. Sai na kama wani mai tsawo, na bi shi har tsakiya, mai rubutun ta daina sakowa, ba bayani. Ƙawayena suka yi tsaki suka koma wani. Ni kuwa na ajiye wayar na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da baƙon nan ya zo. Da suka ga na yi shiru kwana biyu, ɗaya ta zo har gida, muna hira ta tambaye ni wai ni wane irin ƙarshe na fi so, na daɗi ko na kuka. Na ce mata ni yanzu ba na zaɓe. A yi biki ko a yi makoki, duk na gode, in dai marubucin zai faɗa mini inda kowa ya kwana.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan, kuma ban so na koye shi ta wannan hanya ba. Mummunan ƙarshe ma arziki ne. Wanda aka kawo masa gawar nasa, ya wanke, ya binne, ya zauna aka yi masa gaisuwa, an yi masa rahama, ko da a ranar bai gane ba. Mu ba mu samu ko wannan ba.