Shekarar da Idon Ruwanmu Ya Ƙafe

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, a bazarar da na cika shekara tara, tsakiyar shekarun 1950. Na bi kakata Inna Dije zuwa rafi da ɗan tuluna a ka, muka durƙusa bakin idon ruwan da unguwarmu ke ɗiba, gefen hanyar Bugaje. Ta sa ƙwarya ta ɗebo, sai ga ruwa ja wur kamar an dama jar ƙasa. Ta kurɓa ta tofar, ta daɗe tana duban gindin tsauni inda tarin ƙasa ya yi tsibi-tsibi. "Mutanen can sun taɓa mana jijiyar ruwa," in ji ta.

Baƙi ne, tsofaffin leburorin kuza daga Jos, sun sauka tun kaka suna neman zinariya. Sukan haƙa rami kamar rijiya, sannan su karkata ta ƙarƙashin ƙasa har mutum ya ɓace da fitilarsa. Da ruwa ya fara cika ramukan, sai suka shiga kwarfe shi da guga wuni guda suna malalo shi cikin rafi, a nan kuma suke wanke ƙasar da suka fito da ita. Wana Sada na cikin samarin da suka ɗauka aiki, kullum yakan dawo gida da laka har gira.

Kafin zuwansu, rafin nan shi ne rabin rayuwarmu. Baba na da garka a bakinsa, yana ban ruwan albasa da taba, yana jan ruwan da jigo, wato guga ɗaure a dogon itace, ni kuma aikina in bi ruwan da 'yar fartanya ina buɗe masa hanya daga fangali zuwa fangali. Idan na gama, sai mu 'yan mata mu shanya wanki a kan yashi, mu tsinci tsakuwa masu santsi mu yi carafke har tufafin su bushe. Fulani kan ƙetaro iyaka daga ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin, su shayar da shanu, matansu su zuba mana nono a ludayi.

Ruwan ya fara da sauya launi, daga baya ya shiga ja da baya. Inna Dije takan tace shi da tsumma, ta bar shi ya kwana a randa, duk da haka ƙanwata ta yi mako biyu tana gudawa, har muka fid da rai kafin Allah ya tashe ta. Ganyen albasa ya yi rawaya ya kwanta. Ardo Bube, wanda ya saba sauka kusa da garkarmu, ya zo yi wa Baba sallama. "Shanu sun shinshina sun juya," ya ce. "Gaba za mu yi."

Dattawa sun je wajen shugaban baƙin, ya ce su tsauni suke haƙa, ba rafi ba. Ran nan da la'asar Baba ya kira Sada bakin jigo, ya saki guga, ta fito da laka zalla. "Sada, ruwan da kake kwarfewa can, shi albasata ke jira nan."  Washegari Sada bai koma rami ba, ya ɗaura wa jaki tuluna ya nufi gulbi, kuma shi ya shayar da gidanmu har saukar damina.

Ruwan sama ne ya kori baƙin. Ramukan suka rufta, suka kwashe kayansu ba tare da sun sami abin kirki ba. Rafi ya yi gudu a daminar, muka yi murna, amma da rani ya zo idon ruwan bai dawo ba. Baba ya haƙa wuri uku bai tarar da komai ba, ya kwance jigonsa, ya koma fataucin jakai zuwa Maraɗi.

Yau akwai dam a Jibiya, jikokina kuma famfo suka sani. Manyan motoci na wucewa iyaka ta kusa da wurin, ba mai sanin an taɓa noman albasa a nan. Baƙin ko shekara ba su cika ba a garinmu, mu kuwa har yau ba mu daina jin rashin idon ruwan ba.